Tsutsar zare: Abin da bincike ya gano kan cutar da ke ɓuya a hanjin mutum tsawon shekaru

Tsutsar zare, wadda masana ke kira Strongyloides stercoralis, ƙaramar tsutsa ce da ke shiga jikin mutum ta fata, ta je ta zauna a bangon ƙaramin hanji. Tsawon babbarta bai wuce milimita 2 zuwa 3 ba, kuma siririya ce kamar zaren ɗinki, shi ya sa ake kwatanta ta da shi. Abin da ya raba ta da sauran tsutsotsin ciki da aka saba da su shi ne tana iya hayayyafa a jikin mutum ba tare da ta fita waje ba. Wanda ya ɗauke ta yana yaro zai iya tsufa da ita bai sani ba.

Yawancin masu ɗauke da ita ba sa jin wani ciwo mai tsanani. Haɗarin yana tasowa ne ranar da garkuwar jiki ta yi rauni, musamman idan mutum ya sha magungunan sitiroyid irin su deksametason da firednisolon. A lokacin ne tsutsar kan ninka kanta ba iyaka, ta watsu zuwa huhu da jini, wani lokaci har ƙwaƙwalwa, kuma fiye da rabin waɗanda suka kai wannan mataki kan rasa ransu.

Batun ya shafi garuruwan da jama'a ke aiki cikin jiƙaƙƙiyar ƙasa, ake bahaya a fili, ake kuma sayen magani a kemis ba tare da takardar likita ba. A Sakkwato, hanyar da ta fita daga Ƙofar Dundaye ta ratsa fadamar gulbin Rima misali ce ta irin wannan wuri.

Wace irin tsutsa ce?

Dangin Strongyloides sun ƙunshi jinsuna kimanin 50, waɗanda ke kama dabbobi masu shayarwa da tsuntsaye da masu jan ciki da kwaɗi. Biyu ne daga cikinsu ke kama mutum. Na farko shi ne Strongyloides stercoralis, wanda ake samu a ƙasashe masu ɗumi a duk faɗin duniya. Na biyu shi ne Strongyloides fuelleborni, wanda asalinsa na birai ne amma yana kama mutane a wasu sassan Afirka da Asiya. Akwai kuma wani nau'i da ake dangantawa da shi a ƙasar Papua New Guinea, wanda ke sa jarirai kumburin ciki mai kisa.

Bai kamata a ruɗa ta da 'yar farar tsutsar nan da ke sa yara sosa dubura da daddare ba. Waccan sunanta Enterobius, ta baki take shiga, ana ganinta da ido, kuma maganinta mai sauƙi ne. Ita tsutsar zare ba a ganinta a bahaya da ido, domin babbar ba ta fitowa. 'Ya'yanta ne ke fitowa, su kuma sai da madubin likita ake iya ganinsu.

Yadda take shiga jiki da yadda take rayuwa

Rayuwarta tana farawa ne a ƙasa mai danshi wadda bahayar mai cutar ta taɓa. 'Ya'yan tsutsar da suka kai matakin kama mutum, waɗanda tsawonsu bai fi rabin milimita da kaɗan ba, sukan jira a saman ƙasa. Da fatar mutum ta taɓa wurin, galibi tafin ƙafa ko hannu, sai su huda su shiga ko da babu rauni. Daga nan wasu sukan bi jini zuwa huhu, su hauro maƙogwaro a haɗiye su, wasu kuma su ratsa tsokar jiki kai tsaye zuwa hanji. Cikin mako 3 zuwa 4 sun girma sun fara ƙwai.

Duk tsutsar da ke zaune a hanjin mutum mace ce, kuma tana yin ƙwai ba tare da namiji ba. Ƙwan yana ƙyanƙyashewa tun a bangon hanji, don haka abin da ke fita da bahaya jariran tsutsa ne, ba ƙwai ba. Idan suka faɗa ƙasa, hanya biyu ce a gabansu. Ko dai su rikiɗe nan take su koma masu kama mutum, ko kuma su girma su zama maza da mata masu zaman kansu a cikin ƙasa, su hayayyafa sau ɗaya, 'ya'yansu su koma neman fatar da za su huda.

Akwai hanya ta uku, kuma ita ce tushen dukkan matsalar. Wasu daga cikin jariran sukan rikiɗe tun suna cikin hanji, su huda bangon babban hanji ko fatar gefen dubura, su sake komawa cikin jiki. Da haka mutum ke sake kamuwa daga kansa. Macijin ciki da tsutsa mai ƙugiya ba sa haka. Su idan mutum ya bar wurin da ake ɗaukarsu, sukan tsufa su mutu cikin shekara ɗaya ko 'yan shekaru. Tsutsar zare kuwa tana sabunta zuriyarta a jiki muddin ba a yi magani ba.

Tarihin gano ta

A shekarar 1876 wani likitan sojan ruwan Faransa mai suna Louis Normand, a asibitin garin Toulon, ya ga wasu ƙananan tsutsotsi a bahayar sojojin da suka dawo daga kudancin Biyetnam suna fama da zawo mai tsanani. Abokin aikinsa Arthur Bavay ya bayyana siffarsu, amma ya ɗauka jinsi biyu ne daban, domin wadda aka samu a hanji ba ta yi kama da wadda ke girma a waje ba. Masanin Italiya Giovanni Battista Grassi ne ya raɗa wa dangin sunan Strongyloides a 1879. A 1883 Bajamushe Rudolf Leuckart ya nuna cewa siffofin biyu na halitta ɗaya ne, ɗaya a jikin mutum, ɗaya a ƙasa.

A farkon ƙarni na 20 Arthur Looss, wanda ke aiki a Alƙahira, ya gwada a kan fatarsa ya tabbatar da cewa ta nan 'ya'yan tsutsar ke shiga. Friedrich Fülleborn na Hamburg ya bi sawun tafiyarsu ta huhu a jikin karnuka.

Babbar shaida kan daɗewarta a jiki ta fito ne bayan Yaƙin Duniya na Biyu. Sojojin Birtaniya da Japan ta kama ta sa su aikin gina layin dogo tsakanin Tailan da Bama sun yi aiki cikin laka, da yawa ba takalmi. Likitocin Makarantar Nazarin Cututtukan Ƙasashe Masu Zafi ta Liverpool, Geoff Gill da Dion Bell, sun ba da rahoto a 1979 cewa cikin irin waɗannan tsofaffin fursunoni kimanin 600 da suka duba, kusan kashi 15 cikin 100 na ɗauke da tsutsar, shekara 30 da ɗoriya bayan komawarsu ƙasar da ba a ɗaukar cutar. Daga baya an samu rahoton mutanen da ta zauna a jikinsu fiye da shekara 60.

Alamomin cutar

A wurin da 'ya'yan tsutsar suka shiga, fata kan yi ƙaiƙayi da 'yan ƙuraje na kwana kaɗan. Lokacin da suke ratsa huhu wasu kan yi busasshen tari ko numfashi mai ƙara kamar na mai asma. Bayan cutar ta zauna, abin da aka fi gani shi ne ciwon ciki daga sama, wanda sau da yawa ake ɗauka gyambon ciki ne, da kumburi, da zawo mai zuwa yana tafiya, da rama, da borin jini. Ga yara tana iya taimakawa wajen tamowa da rashin girma.

Alama ɗaya ce kusan ta keɓanta da ita: wani jan layi mai lanƙwasa da ƙaiƙayi da ke fitowa a ɗuwawu ko cinya ko ciki, yana matsawa gaba da saurin da zai kai santimita 5 zuwa 10 a awa ɗaya, ya ɓace cikin kwana ɗaya ko biyu, ya sake dawowa bayan makonni. Sawun jaririyar tsutsa ne da ke tafiya a ƙarƙashin fata. A gwajin jini kuma akan ga yawaitar wani rukunin fararen ƙwayoyin jini da ake kira iyosinofil, wanda sau da yawa shi kaɗai ne ke tona asirin cutar.

Lokacin da take zama ajali

A jikin mai lafiya garkuwar jiki tana taƙaita adadin jariran da ke sake shiga, sai a zauna a wani irin sulhu tsakanin mutum da tsutsa. Idan garkuwar ta faɗi, sulhun ya ƙare. Tsutsotsin kan yi yawa har su kai dubun dubata, su cika huhu, su bazu zuwa hanta da ƙoda da ƙwaƙwalwa. Yayin da suke huda hanji suna ɗauke da ƙwayoyin bakteriyar bahaya zuwa cikin jini, abin da ke jawo zazzaɓi mai kisa, da ciwon huhu, da sanƙarau irin wanda ba na annoba ba. Wani nazari da likitocin Italiya suka yi a 2013 kan rahotannin marasa lafiya 244 da suka kai wannan mataki ya nuna cewa fiye da kashi 60 cikin 100 sun mutu, kuma kimanin kashi biyu cikin uku na dukkansu suna shan sitiroyid ne.

Sitiroyid magani ne mai amfani. Likitoci na ba da shi ga masu asma da ciwon gaɓoɓi da wasu cututtukan ƙoda da na fata da kansar jini. Amma ko shan 'yan kwanaki ya isa ya tayar da tsutsar da ta daɗe tana kwance. Abin takaicin shi ne tari da sarƙewar numfashin da tsutsar ke jawowa sukan yi kama da asma, sai a ƙara wa majinyaci sitiroyid, wanda ke ƙara rura wutar.

Sauran abubuwan da ke jefa mutum cikin haɗarin sun haɗa da ƙwayar cutar HTLV-1, wadda aka yi nazarin alaƙarta da tsutsar sosai a tsibirin Okinawa na Japan da ƙasar Peru, da maganin kansa, da tamowa mai tsanani, da yawan shan giya, da dashen sassan jiki. A Amurka an samu waɗanda suka ɗauki tsutsar daga ƙodar da aka dasa musu. Wannan darasi ne ga asibitocin Najeriya da ke dashen ƙoda, irin su Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano, domin duk wanda aka yi wa dashe sai ya zauna kan magungunan danne garkuwa.

Annobar korona ta sake fito da batun fili. A watan Yunin 2020 wani babban gwaji da Jami'ar Oxford ta jagoranta ya nuna cewa deksametason na rage mutuwar masu korona mai tsanani, sai aka shiga ba da shi a ko'ina. Ba a jima ba aka fara samun rahoton marasa lafiyar da tsutsar zare ta tashi a jikinsu. A watan Disamban wannan shekara Hukumar Lafiya ta Duniya, WHO, ta ja hankalin likitoci da su yi la'akari da ba da maganin tsutsar ga masu haɗarin ɗauke da ita kafin ko tare da sitiroyid.

Me ya sa gwaji ba ya ganinta?

Macen macijin ciki na iya zuba ƙwai kusan 200,000 a rana, don haka ɗan ɗigon bahaya ya isa a gan shi. Macen tsutsar zare kuwa 'yan gomomi kawai take yi, kuma jariran ba kullum suke fitowa ba. Gwajin bahaya na yau da kullum, idan sau ɗaya aka yi, yakan kuskure fiye da rabin masu cutar. Hanyar Kato-Katz, wadda ake dogara da ita wajen binciken tsutsar ciki a makarantu a Najeriya da sauran ƙasashe, ƙwai aka tsara ta ƙirga, ba jarirai ba, don haka kusan ba ta ganin wannan tsutsa ko kaɗan.

Akwai hanyoyin da suka fi dacewa. A hanyar Baermann, wadda aka fito da ita tun 1917, akan ɗora bahaya a kan ƙyalle a bakin mazurari mai ruwan ɗumi, sai jariran su bi ɗumin su sauko, a tattara su a duba. A hanyar Koga, wadda masanan Japan suka inganta a farkon shekarun 1990, akan shuka bahayar a faranti mai abincin ƙwayoyin cuta na kwana biyu ko fiye, sai a ga sawun da jariran suka bari. Dukansu ba sa buƙatar na'ura mai tsada, amma suna cin lokaci, suna buƙatar sabuwar bahaya da ma'aikaci mai horo. Akwai kuma gwajin jini mai gano martanin garkuwa, wanda ya fi kama masu cutar amma yakan ruɗe da wasu tsutsotsi, da gwajin ƙwayar gado na PCR da ake yi a manyan ɗakunan bincike.

Wannan ne dalilin da ya sa ake karanta alƙaluma da taka-tsantsan. Binciken da masanan jami'o'in Arewa suka sha yi kan bahayar yara 'yan makaranta da kan ganyayen da ake sayarwa a kasuwa yakan ambaci tsutsar zare, galibi da kaso ƙanƙani. Idan da gwajin yau da kullum aka samo adadin, ƙarancinsa ba hujja ba ce ta cewa cutar ba ta da yawa.

Mutum nawa ke ɗauke da ita?

Shekaru da dama littattafan likitanci na maimaita cewa mutum miliyan 30 zuwa 100 ne ke da cutar a duniya. A 2020 Dora Buonfrate da abokan aikinta na asibitin Negrar da ke kusa da Verona a Italiya suka sake lissafi, suna la'akari da raunin gwaje-gwajen da aka yi amfani da su a baya. Sun ƙiyasta mutum kusan miliyan 614, wato kashi 8 cikin 100 na al'ummar duniya, kuma kimanin kashi uku cikin huɗu nasu suna Kudu maso Gabashin Asiya da Afirka da yammacin tekun Fasifik. WHO kan ambaci miliyan 300 zuwa 600. Hukumar ta saka cutar cikin jadawalinta na yaƙi da cututtukan da aka yi watsi da su na 2021 zuwa 2030.

Magani

Maganin da ya fi aiki shi ne aibamektin, wanda mutanen karkara da yawa suka sani da sunan Mectizan. Asalinsa wata ƙwayar bakteriya ce da Satoshi Omura na Cibiyar Kitasato ya samo daga ƙasar wani wuri a Japan a shekarun 1970, William Campbell na kamfanin Merck da abokan aikinsa suka gano ƙarfinta kan tsutsotsi. Su biyun sun samu kyautar Nobel a 2015. Tun 1987 kamfanin ke ba da maganin kyauta don yaƙi da makantar rafi, daga baya aka haɗa da tundurmi.

Adadin da ake bayarwa shi ne maikirogiram 200 ga kowane kilo na nauyin jiki. Wani gwaji da aka yi a asibitocin Turai aka wallafa a 2019 ya nuna cewa ga mai cutar da ba ta yi tsanani ba, sha ɗaya daidai yake da sha huɗu, kowanne ya warkar da kimanin kashi 85 cikin 100. Wanda tsutsar ta watsu a jikinsa kuwa sai an kwantar da shi ana ba shi kullum har gwaji ya nuna ta ƙare, tare da maganin bakteriya da rage sitiroyid gwargwadon iko. Ba a ba da aibamektin ga mai ciki ko yaron da bai kai kilo 15 ba sai da shawarar likita. Ana kuma yin hattara da wanda ya zauna a dazuzzukan kudancin Najeriya ko Kamaru, inda ake samun tsutsar ido ta Loa loa, domin mai ita da yawa a jini maganin na iya taɓa masa ƙwaƙwalwa.

Abin lura shi ne albendazol da mebendazol, waɗanda ake raba wa yara a makarantu, ƙwaya ɗaya ba ta kawar da tsutsar zare. Yaro zai iya shan maganin tsutsa kowace shekara, macijin ciki ya fita, ita kuwa tana nan daram.

A 2024 WHO ta fitar da ƙa'idarta ta farko kan cutar, inda ta ba da shawarar a raba aibamektin sau ɗaya a shekara ga duk mai shekara 5 zuwa sama a yankin da masu cutar cikin yara masu shekarun makaranta suka kai kashi 5 cikin 100. Shaidar da ta ƙarfafa wannan ta haɗa da abin da aka gani a lardin Esmeraldas na ƙasar Ikwado, inda tsutsar ta ragu matuƙa a ƙauyukan da aka daɗe ana raba maganin don makantar rafi, da kuma wani ƙauyen 'yan asalin arewacin Ostireliya. A watan Janairun 2025 hukumar magunguna ta Tarayyar Turai ta amince da ƙwaya guda mai haɗa aibamektin da albendazol, bayan gwaji a Habasha da Kenya da Mozambik. Masanan Suwizalan kuma sun gwada moksidektin a Laos da Kambodiya, suka ga ƙarfinsa ya yi daidai da na aibamektin.

Abin da ake bincike a kai yanzu

A 2016 masana a Cibiyar Sanger da Jami'ar Bristol ta Ingila, tare da abokan aiki daga wasu ƙasashe, sun wallafa taswirar ƙwayoyin gadon jinsuna huɗu na Strongyloides. Tsutsar ta ba su dama ta musamman: tun da halitta ɗaya ce ke iya zama a hanji ko a ƙasa, ana iya kwatanta siffofin biyu a ga waɗanne ƙwayoyin gado ne ke aiki lokacin da take cutarwa. Sun gano cewa ta tara ɗimbin ƙwayoyin gadon da ke samar da sinadaran narka tsoka da na ruɗar garkuwar jiki.

Wani ɓangaren binciken yana duba yadda take gano mutum. A 2007 masana a Amurka sun nuna cewa wani sinadari mai suna yurokanik, wanda ya fi yawa a fatar tafin ƙafa, yana jan 'ya'yan tsutsar. Ɗakin binciken Elissa Hallem a Jami'ar Kalifoniya da ke Los Angeles ya nuna cewa suna bin ɗumin jiki da warin fata, kuma a 2017 ya yi nasarar amfani da fasahar gyaran ƙwayar gado ta CRISPR a kanta.

A Jami'ar Pennsylvania, James Lok da abokan aikinsa sun yi nazarin wani makunni a jikin tsutsar mai suna DAF-12, wanda ke yanke ko jaririya za ta tsaya a matakin kama mutum ko ta ci gaba da girma. A 2018 sun nuna cewa sitiroyid na tayar da mummunan nau'in cutar a jikin ɓeraye, kuma wani sinadari mai taɓa wannan makunni yana rage ta. Fatan shi ne a samu magani na biyu mai aiki ta wata hanya daban, domin dogaro da magani ɗaya haɗari ne, kuma an riga an ga tsutsotsin tumaki da awaki sun bijire wa aibamektin a ƙasashe da yawa.

Akwai kuma tambayar karnuka. Binciken da aka yi a ƙauyukan Kambodiya aka wallafa a 2017 ya gano iri biyu na tsutsar a jikin karnuka, ɗaya nasu ne kaɗai, ɗayan kuma iri ɗaya ne da na mutanen ƙauyen. Dabbobin kiwo suna da nasu jinsin, Strongyloides papillosus, mai kama tumaki da awaki da shanu, wanda 'ya'yan dabba kan sha ta nonon uwa, ya sa su zawo da rama. Ba ya zama a hanjin mutum, amma asara ce ga makiyayi, musamman a garken da ke da danshi.

Daga Ƙofar Dundaye zuwa fadama

Ƙofar Dundaye ɗaya ce daga ƙofofi takwas na tsohuwar ganuwar Sakkwato, tare da irin su Ƙofar Rini da Ƙofar Marke da Ƙofar Kware da Ƙofar Taramniya. Sunanta ya samo asali ne daga garin Dundaye, a Ƙaramar Hukumar Wamakko ta yau, yankin da mazaunin dindindin na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo yake. Tsakanin birni da jami'a akwai fadamar Rima, inda manoman Kwalkwalawa da maƙwabta ke noman shinkafa da albasa da sauran kayan lambu, masunta da masu ɗibar yashi da masu wanki ke wuni a bakin gulbi.

Yanayin Sakkwato a tudu bai dace da tsutsar ba. Damina gajeriya ce, daga Yuni zuwa Satumba, kuma a bazara zafi kan haura digiri 40. 'Ya'yan tsutsar ba sa jure bushewa, ko a ƙasa mai laima ma makonni kaɗan suke yi. Amma fadama ba ta bushewa kamar tudu, kuma noman rani na sa ta jiƙe a watannin da ko'ina ya ƙeƙashe. Ga tsutsar da shiga ɗaya ya ishe ta zaman shekaru, damina ɗaya ko kadada ɗaya mai ruwa ta wadatar.

Sharaɗi na biyu shi ne bahaya ta taɓa ƙasa. Ƙididdigar ruwa da tsafta ta ƙasa ta 2021 ta nuna cewa 'yan Najeriya kimanin miliyan 48 na bahaya a fili. A watan Nuwamban 2019 Shugaba Muhammadu Buhari ya sa hannu kan dokar zartarwa ta 009 mai burin kawar da ɗabi'ar kafin ƙarshen 2025, kuma a 2022 Jigawa ta zama jiha ta farko da aka tabbatar ta cim ma hakan. Ambaliya na ƙara dagula lamarin, domin tana cika masai ta watsa abin da ke ciki a unguwanni da gonaki. Haka ma zuba kashin masai ɗanye a gona a matsayin taki.

Sharaɗi na uku shi ne sitiroyid. A garuruwan Arewa ana sayen deksametason da firednisolon a kemis cikin sauƙi, don ciwon jiki da mura da ƙaiƙayi, akan kuma haɗa su cikin ƙullin magungunan gajiya. Wasu 'yan mata na shan su don ƙiba, cikin irin haɗin da ake yi wa laƙabi da sha-ka-fashe. Illolinsu da aka fi sani su ne hawan jini da ciwon suga da raunin ƙashi. Ga mai ɗauke da tsutsar zare akwai wata illar da ta fi su gaggawa.

Matakan kariya

Babu allurar rigakafin cutar. Kariya ta farko ita ce masai mai kyau a gida da makaranta da kasuwa da tasha, da kuma kusa da gonakin fadama inda mutane ke wuni. Ta biyu ita ce takalmi, musamman ga yara, da takalmin ruwa da safar hannu ga masu aiki a laka da masu yashe masai da magudanan ruwa. Ta uku ita ce barin shan sitiroyid ba tare da umarnin likita ba. Wanda ya daɗe yana sha bai kamata ya daina kwatsam ba, sai likita ya rage masa a hankali.

Ga likitoci, shawarar masana ita ce a tambayi majinyaci ko ya taɓa noma ko zama inda ake tafiya ba takalmi, ko da shekaru da yawa sun wuce, kafin a ɗora shi kan sitiroyid ko maganin kansa ko a yi masa dashe. Inda ba a iya gwaji mai inganci, masana da dama na ganin ba da aibamektin tun da wuri ya fi jiran alamu.

Ga hukumomi kuwa, ƙa'idar 2024 ta ɗora komai kan adadi ɗaya, kashi 5 cikin 100, kuma ba a sanin ko yanki ya kai shi sai an auna da gwajin da ke iya ganin tsutsar. Sakkwato na da jami'a mai tsangayar likitanci da ta likitan dabbobi da ta kimiyyar gwaje-gwaje, tana da asibitin koyarwa, kuma Najeriya na da masu rabon Mectizan a ƙauyuka da suka shafe shekaru suna aikin. Mazurari da ƙyalle da ruwan ɗumi da madubin likita sun isa a fara aunawa a makarantun da ke bakin fadama.